Goggo Mai Baho da Zanen da Bai Taɓa Shan Ruwa Ba

A gida Goggo Ƙarama ake ce mata, don ita ce autar su Babanmu. A wurin aiki kuwa ba wanda ya san wannan suna. Can Mai Baho ce, kuma ta daɗe tana amsawa har ta daina jin nauyinsa.

Shagon da take aiki bargon haɗi ake ɗinkawa a cikinsa, wato irin bargon nan da ake yayyanka ƙyallaye kala-kala a harhaɗa su, a sa auduga a tsakiya, a shimfiɗa farin yadi a ƙasa, sannan a bi shi da ɗinki. Ɗaki biyu ne shagon. Na gaba yana kallon titi, da keken ɗinki huɗu, da babban teburin yanka, da fanka, da rediyo. Na baya ba shi da taga, sai wata 'yar kafa can kusa da rufi. A ciki akwai baho uku farare da ɗaya na ƙarfe, da risho, da famfo, da kwatar da ruwa ke bi ya fita. Simintin ƙasa ya sha rini har ba mai iya faɗin asalin kalarsa. Wannan shi ne ɗakin Goggo.

Ba wanki ta je koyo ba. Tana da shekara goma sha tara kakanmu ya kai ta don ta koyi ɗinki. Mai shagon a lokacin tsohuwa ce mai faɗa, mahaifiyar wadda ke riƙe da shi yanzu. Ta dube ta sama da ƙasa ta ce, "Kowa daga baho yake farawa. Wata uku, sai ki hau keke." A wata na biyu aka kawo wani koren yadi da kowa ya rantse ba ya zuba, har an ɗora shi a kan teburin yanka. Goggo, yarinya mai son a yabe ta, ta jiƙa farin tsumma ta goga a gefensa, ta ɗaga wa tsohuwar. Tsumma ya yi kore shar. Tsohuwa ta yi ta sa mata albarka, ta ce ba ta taɓa samun mai ido irin nata ba. Daga wannan albarkar wata uku ya zama shekara, shekara ta zama biyar. Tsohuwa ta rasu, 'yarta ta gaji shago, ta gaji kekuna, ta gaji Goggo a ɗakin baya kamar yadda ta gaji rishon.

Wanda bai sani ba zai ce wanki ai wanki ne. Ba haka ba ne. A bargon haɗi ja yana kwana kusa da fari, shuɗi yana jingine da ruwan ɗorawa, kuma ƙyalle ɗaya tak mai zuba ya isa ya lalata aikin wata guda ranar da mai shi ya fara wanke shi. Don haka ba abin da ke hawa teburin yanka sai ya bi ta hannun Goggo. Kowace kala da bahonta, ja kuwa ba ta haɗa shi da kowa. Ruwan zafi take fara zuba wa yadi, don ta ce ruwan sanyi rufa wa yadi asiri yake yi, sai ya ji zafi yake faɗin gaskiya. A farin baho take yi don ta ga ƙasan ruwan. Ta juya, ta matse, ta zubar, ta sake tara wani, sau uku, sau biyar, wani jan har sau tara, sai ruwa ya fito garau kamar na sha. Ba ta barin yadi ya huce a dunƙule cikin ruwansa, don rinin da ya fita komawa yake yi ya zauna inda bai kamata ba. Duk da haka ba ta yarda ba tukuna. Sai ta yanki ɗan gefe da danshinsa, ta sa shi tsakanin farin tsumma biyu, ta danna dutsen guga mai zafi ta ƙirga ashirin. In tsumma ya fito fari, yadi ya wuce. In ya ɗauki ko da inuwar kala ce, a koma baho. Masu kawo aiki kan ce mata ta zuba gishiri kawai, haka iyayensu ke yi. Takan ce to, ta kuma zuba don a zauna lafiya, amma ba ta taɓa sallamar yadi don ya sha gishiri ba.

Tana wannan ɗaki ta yi aure, tana cikinsa ta haifi 'ya'ya mata biyu, tana cikinsa mijinta, direban motar haya, ya rasu ya bar mata su. Ɗinki kuwa ta iya shi sarai. In masu kekuna sun fita cin abincin rana, takan zauna a kan keken da ya samu ta harhaɗa ragowar ƙyallayen da aka zubar. Duk bargon da yaran gidanmu suka rufa da shi daga wannan hutun ranar ya fito. Sau uku tana zuwa wasu shaguna neman aikin keke. Biyu suka ce sai ta zo da nata keken. Mai na ukun, da ya ji inda take aiki, sai ya washe baki ya ce, "Au, ke ce Mai Baho? Wallahi mu ma mai wanki muke nema."

Hannuwan ne suka riga ta gajiya. A shekararta ta ashirin da uku a shagon yatsunta suka fara tsattsagewa, da ƙaiƙayin da ke hana ta sukuni, har ta kai in ta dunƙule hannu sai jini ya ɓullo a gaɓoɓi. Babbar 'yarta ta ja ta asibiti. Likita ya juya tafin hannunta ya daɗe yana kallo.

"Mama, ko ki rabu da ruwan zafi da rini, ko kuma nan da 'yan shekaru cokali ma ya gagare ki riƙewa."

Ya rubuta mata man shafawa, ya ce ta riƙa sa safar roba. Ta gwada kwana biyu ta cire. Da yatsa take jin yadi, da yatsa take gane santsin da ke nuna akwai sauran rini, kuma ta ce da safa a hannu kamar an ɗaure mata ido ne.

A wannan tsakanin ne wata dattijuwar mai ɗinki da ke kan keken bakin ƙofa ta ce idonta ya ƙare, za ta koma wurin ɗanta. Keke ya zauna ba kowa. Goggo ta kwana uku tana juya magana a ranta, a na huɗu ta goge hannu ta fito ta tsaya a gaban Uwar Shago.

"Uwar ɗakina, na zo karɓar wata ukuna."

"Wane wata uku kuma?"

"Wanda Mama ta yi mini alkawari, Allah ya jiƙanta. Ya ɗan jima."

Baba Mai Almakashi, dattijon da ke yanka wa shagon ƙyallaye tun zamanin tsohuwa, ya ƙyalƙyale da dariya. "Ya jima kam! Lokacin har da gashi a kaina, 'yan mata na leƙo ni ta taga."

"Don almakashinka suke leƙowa a yanka musu ɗankwali, Baba," in ji wata daga kan keke.

Uwar Shago ba ta yi dariya ba, don Goggo ta shimfiɗa hannuwanta biyu a kan teburi, tafi a sama. Ta kalla sau ɗaya ta kawar da kai. Ba muguwa ba ce. Kusan tare suka girma a shagon, kuma ita ta riƙe wa Goggo yara ranar rasuwar mijinta. Amma a shekara ashirin da uku ba a taɓa dawo mata da bargo ko ɗaya don ya zuba ba, kuma ta san dalili.

"To wa zai riƙe mini baho, 'yar'uwa?"

"A samo wata in koya mata."

Uwar Shago ta sake duban hannuwan. Sannan ta ce, "Ki koya mata wata guda. Aikin farko da ya shigo bayan nan, ke za ki ɗinka shi ke kaɗai. In ya fita lafiya a kan lokaci, keken naki ne. In baho ya lalace kuwa, kin san ba ni da wata sai ke."

Wadda aka samo mace ce mai shekara arba'in da ɗoriya, da 'ya'ya huɗu a wuyanta, ta yi shekara goma tana wanki a wani otal. Ga hannu ga baki, ta kuma ɗan iya keke. Komai za ta yi sai ta ce a yi maza-maza, don haka tun ranar farko Baba Mai Almakashi ya laƙaba mata Maza-Maza, sunan kuma ya zauna.

"Yaya, wannan ruwan ai ya fita," takan ce, tun a ɗauraya ta biyu.

"Ɗaga bahon ki duba a haske."

"Wane haske, Yaya? Ɗakin nan cikin tulu ma ya fi shi haske."

"Kai shi bakin ƙofa."

Ta kinkimi baho tana mita, ta leƙa, sai ga ruwan hoda-hoda kwance a ƙasa. "Ikon Allah! Ke da idon mage aka haife ki?"

Amma ta koya. Ta koyi raba kala, ta koyi ruwan zafi, ta koyi tsumma biyu da dutsen guga, ko da yake in an ce ta ƙirga ashirin a sha biyu take tsayawa sai an harare ta. Da wata ya cika Goggo ta ce wa Uwar Shago ta iya. Ta faɗa da gaskiyarta, ko da yake ita ma ta san tana son maganar ta zama gaskiya.

Ranar Juma'ar da aikin ya shigo Goggo tana asibiti an ce ta koma a sake duba hannun. Wata malamar makaranta ce ta zo da akwati. A ciki zannuwan mahaifiyarta ne da ta rasu bara, guda goma sha biyu. Tana so a yayyanka su a yi mata bargo ɗaya, da farin yadi a tsattsakani. An yi mata canjin wurin aiki zuwa wani gari mai nisa, ranar Lahadi ta sama za ta tashi, don haka dole ta karɓa ranar Asabar, ana gobe tafiyar.

Maza-Maza ta buɗe akwati ta ga tsofaffin zannuwa sun yi laushi kamar auduga, wasu har sun koɗe. Ta ce a ranta waɗannan sun sha wanki shekara da shekaru, me ya rage musu da za su zubar? Ta ɗauraye su ɗaya-ɗaya da ruwan sanyi a bahon ƙarfe, ta shanya, ta goge. Ba ta kunna risho ba, ba ta nemi farin tsumma ba. Ba wanda ya ga laifinta, don kowa a shagon haka ya ɗauka. Washegari Baba ya yayyanka.

Ranar Litinin Goggo ta zauna a kan keken bakin ƙofa. Fanka na kaɗa mata ɗankwali, ga titi a gabanta, masu kekunan hawa da masu tura kaya suna wucewa, ga rana ta faɗo har kan gwiwarta. Ta yi ta lumshe ido don ba ta saba da haske haka da safe ba.

"Ku ba ta hanya, baƙuwa ce daga ƙasan rijiya," in ji Baba. "Mai Baho, wancan abin da kike gani a sama sunansa rana."

"Na gode, Baba. Wancan mai ƙyalli a kanka fa, shi ma rana ce?"

Shago ya ɗauka da dariya, har Uwar Shago.

Ta fara haɗa ƙyallaye, kusurwa na haɗuwa da kusurwa kamar da ma can tare aka halicce su. Uwar Shago ta zo ta ɗaga layin farko ta juya bayansa, ta ajiye ba ta kushe komai ba, wanda a wurinta yabo ne. Kwana uku hannun Goggo bai shiga ruwa ba sai na alwala da cin abinci. Tsagar babban yatsa ta fara haɗewa. Ranar Talata da yamma ta dunƙule hannu a gaban 'ya'yanta ta buɗe, ba jini, autar har da tafi.

Ranar Laraba bayan la'asar, bargo ya wuce rabi, ta ɗauke shi zuwa teburin guga don ta kwantar da ɗinkin. Ta yayyafa ruwa ta ɗora dutse. Da ta ɗaga, sai ta ga wani siririn layi ruwan hoda a kan farin yadi, daidai inda ya haɗu da wani jan ƙyalle mai duhu. Bai fi kaurin gashi ba. Wani ba zai gani ba ko an nuna masa.

Ta murza jan ƙyallen tsakanin yatsu biyu, sai ta ji abin da ya kamata ta ji tun ranar Litinin da murna ba ta rufe ta ba. Sauran duk sun yi laushi, wannan kuwa da sauran tauri a jikinsa. Ta kai hanci ta ji ƙamshin ƙasan akwati. Tsohon zane ne, amma ba a taɓa ɗaura shi ba. Ajiye shi aka yi sabo fil, ya tsufa a ninke, bai taɓa shan ruwa ba sai wannan ɗauraya guda ta Maza-Maza. Kuma Baba ya fitar da ƙyalle arba'in da takwas daga jikinsa, an warwatsa su ko'ina a bargon, kowanne kewaye da fari. Talatin ta riga ta ɗinke.

Ba ta ce wa kowa komai ba. Ta tsinci wani guntun jan a ƙarƙashin teburin yanka ta jefa a jaka. Da ta isa gida, ko mayafi ba ta cire ba ta tafasa ruwa ta zuba a farin kwano, ta saki guntun a ciki. Kafin ta ajiye buta ruwan ya koma kamar an yanka kaza a kansa.

Babbar 'yarta ta tsaya a kanta har ta gama bayani. Sannan ta ce, "To, Mama, ke kika wanke?"

"A'a."

"Ke aka ce ki duba?"

"A'a."

"To ki yi shiru. Matar nan ranar Lahadi za ta bar gari. Bargo kuma ba riga ba ne, sai ya yi wata shida ba a wanke shi ba. In ya zuba can, wa ya san ke? Ta ce sabulunta ne."

"In na faɗa kuma, Uwar Shago za ta ce ba mai iya baho sai ni."

"Ashe kin sani."

Goggo ta zuba wa kwanon ido. "Zannuwan uwarta ne. Ba ta da wasu."

"Ke ma uwar wasu ce, kuma hannu biyu gare ki, ba ki da wasu. Kin ji abin da likita ya ce ko sai na maimaita?"

Ta zubar da ruwan a kwata, ta wanke kwanon har sau biyu, ta ce shi ke nan, za ta yi shiru.

Ranar Alhamis ta hau keke da niyyar shirun. Ta ɗinke layi biyu, ja huɗu a ciki. Wajen hantsi Malama ta biyo daga makaranta don ta ga inda aka kai. Mace ce siririya mai sanyin murya. Ta durƙusa a gefen keke ta gaishe da Goggo, ta riƙa bin ƙyallayen da yatsa tana gane su ɗaya-ɗaya: wannan da shi mahaifiyarta ke zuwa kasuwa, wannan da shi ta goye ta. Da ta zo kan jan sai ta rage murya.

"Wannan kuwa, Mama, Babana ne ya saya mata watan da zai rasu. Ba ta taɓa ɗaura shi ba. Duk shekara ta fito da shi ta sha masa iska ta mayar. Na ji daɗi da aka sa shi ya fi yawa." Ta miƙe ta gyara jaka. "Ni dai in na rufa da shi, ko ina nake na san ina gida. Allah ya saka da alheri."

Ta tafi. Goggo ta ɗora ƙafa a kan feda, ƙafa ta ƙi motsi. Ta dubi titi, ta dubi hannunta da ya fara kama da na mutane. Sannan ta jawo aljihun keke ta ɗauko reza, ta juya bargon, ta fara farke ɗinkin da ke riƙe da jan farko.

Baba ne ya fara gani. "Ke, Mai Baho, gaba ake yin ɗinki ba baya ba."

Kekuna suka tsaya. Uwar Shago ta taso. "Lafiya? Me kike yi wa aikin mutane?"

Goggo ba ta yi dogon bayani ba. Ta zare jan ƙyallen, ta jiƙa shi, ta sa tsakanin farin tsumma biyu, ta danna dutsen guga a gaban kowa, ta ƙirga ashirin a fili. Da ta ɗaga, tsumma biyun sun yi jawur.

Uwar Shago ta dafe ƙirji. "Maza-Maza! Fito nan!"

Ta fito hannu da kumfa, idonta ya sauka a kan tsumma.

"Da ruwan zafi kika wanke zannuwan nan?"

"Tsofaffi ne, ranki ya daɗe, na ga duk sun…"

"Na ce da ruwan zafi?"

"A'a."

"Ɗauki mayafinki."

Maza-Maza ta juyo ta dubi Goggo, ido ya cika. "Yaya, da kin ja ni gefe kin faɗa mini. Yara huɗu fa."

"Uwar ɗakina, a tsaya," in ji Goggo. "Laifina ne. Na koya mata sabon yadi, na koya mata rinanne, amma ban taɓa ce mata tsohon zane zai iya zama sabo ba. Ni ma ban san na sani ba sai jiya, a yatsa abin yake ba a baki ba. In za a kori wani a kan wannan, ni ce ban gama koyarwa ba."

Tana rufe baki ta gane abin da ta faɗa. Ta ga Uwar Shago ma ta gane.

Uwar Shago ta dubi kalanda, ta dubi bargon. Yau Alhamis, Malama jibi. Ƙyallen da aka riga aka yanka ƙanana ba a wanke shi kamar yadi. In an murza da ƙarfi bakinsa ya zare, in an bar shi a ruwa ya ɗauki rinin ɗan'uwansa, in an matse ya karkace. Sai an bi su ɗaya-ɗaya da hannu mai sanin abin da yake yi, kuma a shagon hannu ɗaya ne irin wannan. Sannan dole wata ta zauna a keke tana haɗa sauran, mai sauri, don sauran masu kekuna kowacce da nata aikin da ake jira.

"Mai Baho, ki shiga ki wanke su. Maza-Maza, zauna nan, in ga ko saurin naki yana da amfani." Ta dubi Goggo ta sassauta murya. "Na kwana biyu ne kawai, 'yar'uwa."

Aka taru aka farke sauran. Goggo ta tattara ja arba'in da takwas a gefen zaninta ta shiga ɗakin baya, ta kunna risho. Da ta tsoma hannu a ruwan farko, tsagar da ta fara haɗewa ta buɗe nan take, sai da ta cije leɓe. Ta bi su ɗaya-ɗaya tana kaɗawa a hankali, ba murza ba matsa, ta shimfiɗa kowanne a kan farin tawul ta danne da tafi. Ruwa goma sha ɗaya jan nan ya sha, daga Alhamis zuwa azahar ɗin Juma'a, kafin tsumma ya fito fari. Sun ɗan tsuke, sai da Baba ya sake daidaita bakin fararen da ke kewaye da su, yana yi yana cewa shi dai a rayuwarsa bai taɓa ganin zane mai riƙo irin wannan ba. Maza-Maza kuwa ta kwantar da kai a keke, ba hira ba mita, allura na gudu kamar ana bin ta. Kusurwoyinta ba su kai na Goggo haɗuwa ba, amma sai mai neman laifi zai gani.

Ranar Asabar da la'asar Malama ta zo. Aka baje mata bargo a kan teburin yanka, ja na zaune a cikin fari tsaf. Ta fashe da kuka, ta je ta kama hannun Maza-Maza da ta tarar a kan keke tana ta godiya. Maza-Maza ta ce ba ita kaɗai ba ce, akwai Yaya a ciki, amma Malama na kuka ba ta ji ba, mota kuma na jiranta a waje. Goggo tana jin komai ta bayan ƙofa, hannunta a cikin wani shuɗin yadi da ya shigo da safe, don an ce tunda tana ciki ta taimaka ta duba shi.

Ranar Litinin ta iso da wuri. Ta tarar da Maza-Maza a kan keken bakin ƙofa, kai a sunkuye, ta kasa ko ɗagowa ta gaishe ta. Uwar Shago ta tare ta tun daga ƙofa, ta riƙe mata hannu a hankali don kada ta fama.

"Ki yi haƙuri, 'yar'uwa. Kin gani da idonki. Da ba ke ba, da yanzu sunan shagon nan ya zube tare da jan nan. Ba zan iya kwana da ido biyu a rufe ba in ba ke ce a baho ba. Sai mun samu wata, wallahi ana nema."

Goggo ta buɗe baki, ta rasa ta inda za ta musa, don duk abin da aka faɗa ita ta tabbatar da shi da hannunta a gaban kowa. Baba Mai Almakashi ya yi kamar yana neman wani abu a ƙarƙashin teburi. Ranar bai tsokani kowa ba. Ta rataye mayafinta a ƙusa ta wuce ciki.

Shekara huɗu ke nan. Yanzu yatsu biyu na hannun damanta ba sa lanƙwasuwa, autarta ce ke ɗaure mata ɗankwali da safe. Matse yadi ya gagare ta, sai Maza-Maza ta bar keke ta shigo ta matse mata, ta sauke mata tukunya daga risho, tana yi tana zagin ɗakin da wanda ya gina shi, sannan ta koma. An kawo mata biyu su koya. Ɗaya ta yi mako guda, ɗayar ta yi kwana tara ta ce ƙirjinta ba zai ɗauki tururi ba. Uwar Shago har gobe tana cewa ana nema.